Yadda Na Bi Sawun Kalmar Quark daga Gorton zuwa Lozells

Ɗakin da aka turo mini hotonsa ina Kano taga biyu gare shi, da teburin karatu, da labule ruwan toka. Wanda na tarar a Whalley Range, wata unguwa a Manchester, a hawa na uku na wani tsohon gida da aka yayyanka shi flat-flat, tagarsa ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Babu tebur. Bangon bayan gado ya yi baƙi saboda danshi. Mutumin da ya samo mini ɗakin ɗan ƙasarmu ne, wani abokin aikina ya haɗa mu. Da ya dire akwatina a bakin ƙofa na ce, "Malam, ai ba wannan ka nuna mini ba."

Ya ce, "Hajiya, wancan an kama shi last week. Ki yi haƙuri, a garin nan ɗaki ba ya jiran mutum."

Bayan kwana biyu wata 'yar Sudan da ke hawa na biyu ta ga hoton a wayata, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ma shi aka turo mata, haka wanda ya zauna kafin ni. Ɗakin hoton babu shi a gidan kwata-kwata. Na kira mutumin sau uku, daga nan lambarsa ta daina shiga. Na kwantar da babban akwatina a kan kujera biyu, ya zama teburina har shekara ta ƙare.

Sunana Saudatu. A Dutsin-ma aka haife ni, amma a Kano na yi aure, a can kuma na shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa a wata kwalejin ilimi. Ina da shekara talatin da tara na sami tallafin karatu zuwa Manchester don yin digiri na uku a nazarin tarihin harshe. Na baro mijina da 'ya'ya uku, ƙaramarsu Amira ba ta cika shekara huɗu ba. Sharaɗin uni, wato jami'ar, kuwa a fili yake: a ƙarshen shekarar farko ɗalibi zai tsaya gaban kwamiti ya kare abin da ya rubuta. In bai gamsar da su ba, karatun ya tsaya nan, tallafin ya tsaya, sai ya tattara ya koma gida.

Bincikena a kan kalmomin nono ne: madara, kindirmo, cuku, awara da sauransu, da yadda suka yi yawo tsakanin Hausawa da maƙwabtansu. A gida ana ganin na san aikin nan. Na gabatar da takardu a taruka an tafa mini. Da wannan tunanin na sauka.

Damina ba ta ba ni wahala kamar duhu ba. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korar su. Na yi mura ta wata guda, GP, wato likitan unguwa, ya ce in sha ruwan ɗumi in huta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Amira. Da farko tana ƙwace wayar babanta ta yi ta ba ni labari. Bayan wata uku, in na kira sai ta ɓoye fuska a bayan yayarta. Ran nan na ji tana cewa, "Ku ce mata ina wasa."

Mai duba aikina wata Bajamushiya ce, Farfesa Renate, ta kusa sittin, doguwa, kullum da keke take zuwa ko da ana ruwa. Ba ta san doguwar gaisuwa ba. In na shiga ofishinta na fara tambayar lafiyarta da ta iyalinta, sai ta ce lafiya, ta buɗe takarda. A watan Maris na miƙa mata babina na farko, shafi arba'in. Bayan mako guda na tarar da shi a akwatin saƙona. Ta yi gyare-gyare da koren biro, ba su da yawa. Amma a shafin da na fi alfahari da shi, inda na jera kalmominmu kusa da na Fulani da Barebari da Buzaye da Yarbawa, ta ja layi daga sama har ƙasa, ta rubuta kalma ɗaya a gefe: Quark.

Na ɗauka wata kalmar ilimi ce da ban sani ba. Na ma ji kunyar rashin saninta. A cikin bas ɗin komawa gida na duba ƙamus a waya. Ma'ana ta farko: wani abinci da Jamusawa ke yi da nono, tsakanin kindirmo da cuku. Ma'ana ta biyu: shirme, maganar banza.

Na wuce tashar da zan sauka ban sani ba.

Washegari na je ofishinta ba tare da na nemi izini ba. Da Turanci muke magana, amma ga abin da na ce: "Farfesa, ni ba yarinya ba ce. Ina da ɗalibai da suka zama malamai. A wurinmu ba a rubuta wa babba shirme a kan aikinsa."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "Wannan don kaina na rubuta, ya kamata in goge. Na yi kuskure, ki yafe mini kalmar." Ta ajiye takardar. "Amma hukuncin ba zan janye ba. Zauna."

Na zauna.

Ta ce, "Kin ce dukkan waɗannan al'ummomi daga Hausa suka ari kalmomin nan. Ta yaya kika sani?"

Na ce, "Ai sun yi kama."

Ta ce, "Na yarda sun yi kama. Wa ya ba wa? Me ya hana a ce ku kuka ara? A kalma ashirin, ko sau ɗaya ba ki bar Hausa ta zama mai karɓa ba. Kina son harshenki, na gani. In kika kai wannan gaban kwamiti haka, ba za ki wuce ba, ni kuma ba zan iya kare ki ba."

Saura mako biyar a zauna. Na tambaye ta abin da zan yi. Ta buga yatsa a kan koren rubutun nata.

"Ɗauki wannan. Ba ta harshenki ba ce, ba ruwanki da wanda ya ci ko ya faɗi. Na ba ki mako biyu, ki gano daga ina ta zo. Kada ki kawo mini abin da ƙamus ya ce, na san shi. Ki kawo mini yadda aka yi aka sani."

Wata 'yar'uwa da ke karatun haɗa magunguna ta ce in kai ta ƙara, wulaƙanci ne kawai irin na Turawa. Wani kuma ya raɗa mini cewa akwai masu rubuta wa mutum babi sukutum, ba mai ganewa. Mijina ya ce, "Saudatu, in abin ya gagara ki dawo, aikinki yana nan, ba wanda zai zage ki." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma na tuna yarinyar da ta daina yi mini magana, na ce ba zan koma in ce mata wata bakwai ɗin nan a banza na yi su ba. Kuma can ƙasan zuciyata na san tambayar matar nan ba ni da amsarta.

Na ga ya dace in fara ganin abin da idona. 'Yar Sudan ɗin nan ta ce irin waɗannan kayan a shagunan mutanen gabashin Turai ake samu, akwai ɗaya kusa da kasuwar Gorton. Ranar Talata na shiga bas biyu na je. Ƙaramin shago ne, yana ƙamshin burodi da wani abu mai tsami. Mai shagon 'yar Poland ce, gajeriya mai ƙiba, sunanta Halina. Na nuna mata kalmar a takarda.

Ta taɓe baki. "Na Jamusawa? Ba mu da shi. Muna da na gaskiya." Ta buɗe firij ta ɗauko wani farin curi a leda. "Twaróg."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. A bakinta kalmar ta fito kamar "tfaruk". Na sa ta faɗa har sau biyar, ina kallon leɓenta, mutanen da ke bayana a layi suna ta gyaran murya. Jamusawa tasu "kvark" suke furta ta. Tfaruk, kvark. Na ji gabana ya faɗi, amma nan take na tuna cewa irin wannan faɗuwar gaban ce ta kai ni inda nake. Sun yi kama, shi ke nan. Wa ya ba wa?

Da layi ya ragu, Halina ta jawo mini kujera bayan kanta, ta haɗa mini shayi, ta yanko abin ta barbaɗa masa gishiri a kan burodi. Na karanta jikin ledar kaf, nono ne zalla. Ɗanɗanonsa kamar an tace kindirmo a tsumma an bar shi ya tsane. Na tambaye ta ko wasu ƙabilun na zuwa saye. Ta ce sosai. Mutanen Czech da Slovakia "tvaroh" suke tambaya, Rashawa kuma "tvorog". Ta rubuta mini su a bayan takardar naɗe burodi. Na ce ko akwai wata kalma a harshensu da ta fara haka, ta yi tunani ta rubuta "tworzyć", ta ce ma'anarta a yi abu, a siffanta shi.

Sai ta dube ni ta ce, "Kina da yara?"

Na ce uku.

Ta ce ita 'yarta tana da shekara biyar ta baro ta wurin kakarta, sai da ta shekara shida kafin ta iya ɗauko ta. "Ta daina kirana mama. Yanzu ga ta can tana aikin jinya, kullum sai ta kira ni ta dame ni. Ci burodinki." Da zan tafi ta ƙi karɓar komai a kan abin da na ci.

Abin da ya rage shi ne tsofaffin siffofin kalmar: yadda Jamusawa suka rubuta ta a zamanin da, da yankin da aka fara jin ta. Littafin da nake buƙata, wani babban ƙamus na kare-karen Jamusanci mai taswirori, na laburarenmu an kai shi gyara. Na bincika na ga akwai shi a wani laburare a Birmingham, amma ba a fita da shi. Ranar Juma'a da safe na hau coach, doguwar bas ɗin da ke zuwa gari-gari.

Laifina ne, ban karanta ƙa'idarsu har ƙarshe ba. Matar da ke bakin ƙofa ta ce baƙo daga wata uni sai da takardar shaida daga laburarensa. Na nuna katina na ɗaliba, na nuna fasfo, na ce daga Manchester na taso. Ta ce ta gane, ta kuma ba ni haƙuri, amma ba ta da iko. Na aika saƙo Manchester, amsa ta dawo cewa mai sa hannu sai Litinin. Littafin yana hawa na biyu, ina iya hango matakalar.

Na fito ana yayyafi, na tsaya a rumfar jiran bas na kira gida don in ji sanyi. Mijina ya ce Amira na zazzaɓi tun jiya, ba su gaya mini ba don kada hankalina ya tashi, an kai ta asibiti an ba ta magani. Na ce a ba ta wayar. Na ji ta ce a'a. Ban san da ƙarfi nake kuka ba sai da na ji an taɓa kafaɗata.

"Sannu. Kai daga Nigeria ne?"

Na waiwaya. Wata dattijuwa ce baƙa, da mayafi a kan rigar masu kula da tsofaffi. Tunda nake ba a taɓa ce mini "kai" ba. Ko a cikin kukan sai da malamar Hausa da ke jikina ta ɗaga kai. Sunanta Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi ce a Ghana, shekararta ashirin da wani abu a Birmingham. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Ta saurari labarina tana gyaɗa kai.

Ta ce, "To ka koma Manchester yau, ka sake dawowa Monday? Wahala. Ka zo gida. Ɗiyana ya tafi uni, ɗakinshi na nan."

Na ce, "Hajiya, ba ki san ni ba."

Ta ce, "Na ji ka yi sallama a waya, na ji ka yi kuka saboda yaro. Me ya saura? Bas namu ya zo."

Gidansu a Lozells yake, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, ƙofa na buɗewa kai tsaye a kan titi. Maigidanta direban bas ne, ya gaishe ni da mutunci ya koma falo. Ta ba ni zane da ruwan zafi, ta sa ni na ci shinkafa da wake da wata miyar barkonon su da suke kira shito, mai yaji har hancina ya zubo. Tun da na zo ƙasar, ranar na fara cin abinci wani na zaune kusa da ni yana cewa in ƙara.

Ranar Asabar da hantsi ta ce za ta yi mini wagashi. Ban san shi ba. Na tsaya a kicin ina kallo. Ta juye madara galan biyu a babbar tukunya, ta ɗora a wuta kaɗan-kaɗan. Da ta fara tururi ta matse lemon tsami a ciki. Ta ce a gida matan Fulani da ganyen tumfafiya suke yi, a nan kuwa ina za a ga tumfafiya. Madarar ta tsinke, fari ya taso sama, ruwa ya koma ƙasa. Ta kwashe da matsami ta zuba a ƙyalle, ta ɗaure, ta danne da turmin ƙarfe. Da ya yi tauri ta yayyanka ta jefa a mai.

Na ce, "Hajiya, ai wannan awara ce! Haka muke yi, sai dai mu da waken suya."

Ta ce, "Awara? Yarbawa da ke zango namu wara suke ce mashi. Ai ko madara ma, su wara suke ce."

Ta ci gaba da juya abinta a mai. Ni kuwa na nemi kujera. A babina, shafi na goma sha bakwai, na rubuta da gadara cewa Yarbawa sun ari "awara" daga gare mu suka yanke mata kai. Ga shi a wurinsu kalmar tana nufin madarar kanta da abin da ake yi da ita. A wurinmu kuwa sunan abu ɗaya ne tak, abin da ko ɗigon nono babu a cikinsa, wanda ake yi ta hanyar da ake yin nasu. Na san kalmar Yarbancin tun da daɗewa, tana cikin jerina. Ban taɓa tambayar kaina wa ya fi tsufa da ita ba, don na riga na yanke amsar kafin in fara.

Hajiya ta ce, "Lafiya? Ka yi shiru."

Na ce, "Na gano wani kuskurena ne."

Ta ce, "To ka ci da zafi, ka gyara daga baya."

Litinin takarda ta iso, aka bar ni na hau matakalar. Jamusancina bai wuce na 'yan koyo ba, don haka na ajiye ƙaramin ƙamus a hagu, babban a dama, ina bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Tun buɗewarsu har aka fara kashe fitilu ban fita ba sai don salla.

Ga abin da na samu. Kalmar ba ta cikin Jamusancin farko. Sai wajen ƙarni na goma sha huɗu ta fara bayyana a rubuce, kuma da fuska uku: twarc, quarc, zwarg. Wannan ya rikita ni, har sai da na ga ba ita kaɗai ce ta yi haka ba. Tsohuwar kalmarsu ta wada, wato gajeren mutum, twerc ce. Yau a daidaitaccen harshe Zwerg ce, a wasu kare-karen gabas ta tsakiya kuma Querg. Akwai wasu irinsu. Ashe ƙa'ida ce: tsohon sautin tw ya koma zw a wani yanki, ya koma qu a wani. Na ajiye biro na yi dariya ni kaɗai, don na san wannan tun ina goye. Innata a Dutsin-ma "hwari" take cewa, ni a Kano na koma "fari". Ita "hwaɗa", ni "faɗa". Ba kalma ɗaya ba ce ta sauya, layi ne guda.

To in haka ne, twarc ce uwa, Quark 'ya. Twarc kuwa ita ce abin da Halina ta rubuta mini a takardar burodi. Saura wa ya ba wa. A ɓangaren su Halina kalmar tana ko'ina, har can cikin Rasha inda ba su yi maƙwabtaka da Jamusawa ba, kuma duk da tw ko tv suke farawa. A ɓangaren Jamusawa kuwa ta zo a makare, ta gabas ta shigo, inda suka zauna gona da gona da wata al'umma mai suna Sorb, 'yan'uwan su Halina a harshe, masu cewa twarog. Kudancin ƙasar ma ba su karɓe ta ba, Topfen suke cewa, daga sunan tukunya. Jamusawa ne suka ara. Game da tushenta na can asali, da yawan masana sun danganta ta da kalmar nan ta siffanta abu, wato nonon da aka ba siffa, amma wasu ba su yarda ba. Na rubuta hakan yadda yake.

Hajiya Memuna ta raka ni tashar coach da wagashi a roba. Na riƙe hannunta ina ta addu'a. Ta ce, "Ya isa. In ka gama ka zama dokta ka zo ka gaya mini."

Shafi huɗu na kai wa Farfesa Renate. Ta karanta ina zaune, ba ta taɓa koren biron ba. Da ta gama ta ce, "Me ya sa daga Sorb? Me ya hana daga mutanen Poland?"

Na ce, "Sauti kaɗai bai raba gardamar ba, kalmominsu sun yi kusa ƙwarai. Wurin da ta fara bayyana ne ya sa aka fi karkata ga Sorb. Ban isa in ce tabbas ba."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Ta ce, "To. Koma kan naki."

Mako ukun da suka rage ban san yadda suka wuce ba. Na bi kalmomina ɗaya bayan ɗaya da tambayoyin nan: yaushe aka fara jin ta, a wane yanki, a wane harshe take da dangi, sautinta ya bi ƙa'ida ko kama ce kawai. Wasu sun tsaya da ƙafarsu a matsayin namu. Wasu na sallama su ga masu su. Mafi yawa na rubuta a gabansu cewa hujja ba ta isa ba. Shafi arba'in ya koma goma sha tara. Akwai sakin layin da na yi shekara shida ina karanta wa ɗalibaina a aji, na goge shi da hannuna, na tashi na yi alwala don zuciyata ta huce.

Ranar kwamiti mutum uku ne a bayan tebur, Farfesa Renate tana gefe, ba ta da izinin magana. Na yi bayani minti ashirin. Wani dattijo mai nazarin harsunan Sahara ya yi ta juya takarduna, sannan ya ce, "Cuku fa? Kin bar gurbinta babu hukunci. Taku ce ko ta Buzaye?"

A da, da na ba shi amsa kafin ya rufe baki. Na ce, "Ban sani ba tukuna. Ina zargin daga arewa ta zo mana, don daga can ake kawo shi. Amma ban ji yadda masu yin sa ke furta sunan a garuruwansu ba. Sai na je na ji."

Ya ce, "Ina za ki je?"

Na lissafa masa garuruwan da kasuwannin da irin mutanen da zan tambaya. Suka ce in jira a waje. Minti goma sha biyar na yi a tsaye a barandar ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da aka kira ni, shugabar kwamitin ta ce na wuce, da sharaɗin in kawo cikakken tsarin aikin fili, wato zuwa tattaro bayani daga bakin mutane, cikin wata guda. Aikin fili kuwa yana nufin gida, wata huɗu cur. Farfesa Renate ta miƙo mini hannu a bakin ƙofa, ta ce, "Mu haɗu ranar Alhamis ƙarfe goma," ta wuce wurin kekenta.

Na sami benci a harabar na kira mijina, ya yi ta hamdala, na ji yara na ihu a bayansa. Sannan na kira Inna a Dutsin-ma. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ta tambaya ko ina cin abinci. Har za mu yi sallama sai na ce, "Inna, wai da kuna yara, wa ke yi muku awara?"

Ta ce, "Awara? Mu ina muka san ta? Ai wannan abin bai daɗe ba. Ke hwa har kin yi wayo sannan na hwara ganin ta. Wata Bayarabiya ce a bakin tasha, matar mai gyaran agogo, ita ta koya wa su Hajiya Abu maƙwabciyarmu."

Na ƙetare teku, na sha ruwan Manchester da na Birmingham, amsar tana zaune a tsakar gidanmu tana tsince shinkafa.

Ta ce, "Kina ji na kuwa?"

Na jawo jakata, na zaro littafi da biro, na ɗora a gwiwa. Na ce, "Ina ji, Inna. Kada ki kashe. Matar nan, yaya take kiran abin da bakinta? Faɗa mini a hankali."